Munsharin mijin Yayata, da shirun da ke tsakiyarsa

Wannan bayanin akan mijin Yayata ne, kuma sai da na nemi izininsa kafin na rubuta, yace in rubuta amma banda suna banda unguwa, toh zan dinga ce masa Alhaji kamar yadda kowa ke ce masa a gida. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da atamfa yake sayarwa, shekarunsa sun ɗan haura 50, matansa biyu kowacce da gidanta, kwana bibbiyu yake musu, Yayata ce uwargida. Dama can mai jiki ne, amma tunda kasuwa ta buɗe masa ya ajiye babur ya sayi mota sai jikin ya ƙara buɗewa sosai, teɓa ta fito, wuya ya cika har maɓallin wuyan kaftani baya rufuwa. Wuni yake a zaune a shago, abincin kirki kuma sai dare, bayan isha'i ko ma wajen ƙarfe goma, tuwo da miya da nama, wani lokacin ma ya riga ya biya ta wajen mai tsire, yana wanke hannu sai kwanciya. Baya shan sigari baya shan shisha, wannan kam Alhamdulillah. Yana da hawan jini, yana kan magani kala biyu kuma duk da haka in an auna sai a ga jinin a sama.

Munshari ya daɗe yana yi, tun farkon aurensu Yaya tace yana ɗan yi in ya gaji, irin wanda in ka taɓa mutum ya juya sai ya daina. Wanda ya zo daga baya daban ne. Daga turaka ana jiyo shi a falo, ana jiyo shi a ɗakin yara, lokacin zafi da ake buɗe taga har maƙwabta sun sani. Kuma abin da ya ba ni haushi da na zo na ji labarin gaba ɗaya shine yadda kowa ya ɗauke shi abin dariya ko ma abin yabo, wai barcin gajiya ne, wai alamar hutu ne da ƙoshi, wai ai namiji in baya munshari bai kwanta ba. Shi kansa in an tsokane shi cewa yake sharri ake masa, shi bai taɓa jin kansa ba. Gaskiyarsa ne kuma, mai munshari baya jin kansa.

Abubuwan da aka gwada a gida

Yaya ta fara da filo, ta ƙara masa ɗaya ya zama biyu, daga baya uku. Wannan bai yi ba, hasali ma ƙara abin yayi, domin in ka tara filo a ƙarƙashin kai kaɗai wuya ne ke lanƙwashewa haɓa ta dawo ta danne ƙirji hanyar iska ta ƙara matsewa. Ɗaga kai yana taimakawa amma fa daga kafaɗa da gadon baya ake ɗagawa, ko a saka wani abu ƙarƙashin katifa ta wajen kai ta ɗan yi gangare.

Sai aka shiga na gargajiya, zuma da tafarnuwa da safe, man zaitun a ɗiga a hanci, habbatus sauda, shayin citta da kanumfari, sirace da ruwan zafi da ɗan mentilatum kafin kwanciya. Ni ban raina waɗannan ba, siracen musamman yana buɗe hanci in akwai mura, kuma lokacin hunturu da ƙura ke toshe masa hanci Yaya tace ƙarar tana ɗan raguwa daren da yayi. Amma iyakarsa kenan, hanci ya buɗe maƙogwaro na nan yadda yake. Akwai kuma wani ɗan roba mai maganaɗisu da ake maƙalawa a hanci wanda masu talla ke sayarwa a Facebook da Instagram, ta saya, da wani zobe wai a saka a ƙaramin yatsa, ta saya, duk kuɗin banza ne wallahi, kuma na san mata da yawa sun zuba kuɗinsu a nan saboda sun rasa yadda za su yi.

Wanda ya fi cutarwa shine na kemis. Da yake yana tashi da safe a gajiye kullum yana cewa barcin baya isarsa, sai wani mai kemis ya dinga ba shi piriton, daga baya ya haɗa masa da diazepam wai ya samu barci mai nauyi. Ga kuma maganin ɗigawa a hanci irin su Otrivin da ya mayar abin kullum. Shi na ɗigawar ƙa'idarsa 'yan kwanaki ne, uku zuwa bakwai ya danganta da wanne ne, in aka zarce hancin sabawa yake, yana sakinka sai ya toshe fiye da da, ka ƙara ɗigawa, haka za a yi ta zagaye. Su kuma magungunan sa barci, da duk wani abu mai kashe jiki irin su kodin da taramol da giya, sakin naman maƙogwaro suke ƙarawa kuma su hana ƙwaƙwalwa saurin farkar da mutum in numfashinsa ya tsaya, wato dai daidai abin da bai kamata a ba mai irin matsalarsa ba aka ba shi.

Daga nan sai Hajiyarsa, mahaifiyarsa, ta shigo maganar. Tace ita ta san matsalar, belu ne, tun yana jariri wanzamin da ya zo ranar suna bai cire masa da kyau ba shine ya sake tsirowa, a kira wanzami ya yanke kowa ya huta. Kuma fa maganarta ba wai babu kan gado bane gaba ɗaya, belu yana cikin naman da ke kaɗawa ya ba da ƙarar. Amma yanke belun babban mutum mai hawan jini a tsakar gida da aska, ga zubar jini, ga jinin na iya bi ta hanyar iska, ga tsoron tetanus da cutar hanta in kayan ba a dafa su ba, sannan in ma an ci sa'a an yanke lafiya toshewar ba a belu kaɗai take ba, akwai gindin harshe akwai naman gefe da gefe. Allah ya taimaka shi kansa yana tsoron aska, ya dinga ce mata toh Hajiya sai an dawo daga Legas, toh Hajiya sai bayan azumi, har maganar ta bi ruwa.

Ƙarshe dai Yaya ta koma kwana ɗakin yara ranar girkinta in dare ya raba, ta lallaɓa ta fita in yayi barci ta dawo kafin asuba. Ita ta samu barci, shi kuma ya rasa mai ganin abin da ke faruwa dashi.

Abin da ba a haɗa ba

Duk wannan lokacin akwai wasu abubuwa da ke tafiya gefe guda kowanne ana ba shi nasa dalilin. Yana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, aka ce ko suga ne, aka gwada babu. Yana tashi da ciwon kai da bushewar baki, aka ce hawan jinin ne. Gyangyaɗi a shago tsakar rana har yaransa na shago sun saba, kwastoma na ciniki shi ido na rufewa, gyangyaɗi a huɗubar Juma'a, gyangyaɗi a wajen ɗaurin aure, aka ce gajiyar kasuwa ce. Saurin fushi da mantuwa, mutumin da lissafin bashi ke kansa ba littafi ya zo yana tambayar yaro nawa muka ce da wane, aka ce girma ne. Sai kuma farkawa firgigit cikin dare yana kama wuya yana haki kamar an shaƙe shi, wannan kuma aka ce dannau ne, wasu ma suka fara raɗe-raɗin ko an yi masa wani abu ne a kasuwa, aka karɓo tofi aka dinga kunna Suratul Baƙara a ɗakin. Karatun Alƙur'ani a ɗaki alheri ne ba mai ja, amma numfashin bai daina tsayawa ba.

Abin da ya tsorata shi shi kansa, wanda bai faɗa wa kowa ba sai daga baya a gaban likita, shine a hanyar Zariya da rana tsaka yana tuƙi shi kaɗai, bai san lokacin da ido ya rufe ba sai jin tayar mota yayi a kan tsakuwar gefen titi. Ya tsaya yayi salati ya wanke fuska ya ci goro ya ci gaba, ya bar abin a cikinsa.

Ni aikin jinya nake, amma Yaya bata taɓa kawo min maganar a matsayin ciwo ba, kunya take ji, a ganinta tona asirin miji ne mace ta zauna tana ba da labarin yadda mijinta ke barci, ko da ƙanwarta ce. Ranar da abin ya kai mata wuya sai kawai na ga saƙon murya a WhatsApp da asuba, ta rubuta a ƙasa "Auta dan Allah ki saurara ki gaya min meye wannan, jiya na zata ya tafi." Ta ajiye wayar ne kusa da filonsa ta ɗauka.

Ƙarar tana da ƙarfi ba shakka, amma ba ita ta tayar min da hankali ba. Munsharin zai yi ta hawa yana hawa sai ɗif, shiru, babu komai, na duba agogon saƙon ina ƙirgawa shirun nan ya wuce daƙiƙa 20 wani ma ya fi haka, sannan sai wani irin gurnani da jan iska da ƙarfi, sai munsharin ya dawo, ba a jima ba sai wani shirun. A ɗan gajeren saƙon nan abin ya maimaitu ya fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya. Na kira ta nace Yaya wannan shirun da kike jin daɗinsa kina cewa ya huta, a lokacin ne baya numfashi.

Ga yadda abin yake. In mutum yayi barci duk naman jikinsa saki yake, har da harshe da naman bayan ganɗa da belu da bangon maƙogwaro. In hanyar ta ɗan ƙuntata iska na wucewa da ƙyar tana kaɗa naman nan, wannan kaɗawar ita ce munshari. In kuma ƙuncin yayi yawa, saboda kitsen wuya ko girman harshe ko kwanciyar rigingine da ke sa harshe ya faɗa baya, to yana jan iska hanyar sai ta manne gaba ɗaya kamar ledar fiya wata da aka zuƙe. Ƙirji na ta ƙoƙarin ja iska bata shiga, oksijin na jini ya sauka, lafiyayyen mutum nasa 95 ne zuwa 100 cikin ɗari amma a nan sai ya faɗo ƙasa da 90, ƙwaƙwalwa ta ga za a mutu ta zabure shi ya ɗan farka na 'yan daƙiƙu ya buɗe hanya ya koma, shi bai ma san ya farka ba. Duk zaburar nan zuciya bugawa take da sauri jini ya hau, shi yasa hawan jinin masu wannan ciwon na tsayawar numfashi cikin barci ke ƙin jin magani. Fitsarin daren ma daga nan yake, yunƙurin jan iska ta rufaffiyar hanya yana takura zuciya ta saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta tara fitsari. In aka bar shi shekaru yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da suga, kuma masu shi sun ninka sauran direbobi haɗarin mota sau biyu ko fiye. Ba kuma ciwon Turawa bane, wani ƙiyasi da aka wallafa a 2019 ya nuna kusan mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ke da shi a duniya, miliyan 425 daga ciki nasu matsakaici ne ko mai tsanani, galibinsu ba su sani ba.

Ba duk mai munshari ke da wannan ba fa, kar wata ta karanta ta tashi hankalin gidanta. Akwai munshari zalla wanda ƙara ce kawai, numfashi na tafiya daidai, mutum ya tashi garau. Wannan gyaran kwanciya da buɗe hanci da rage ƙiba sukan isa. Abin dubawa shine shirun da shaƙewar da barcin rana.

Uwargida da amarya

Wannan ɓangaren shine ni a ganina ya fi komai muhimmanci a lamarin, kuma babu littafin likitanci da zai gaya maka shi. Mutumin nan mata biyu ke kwana dashi, kowacce rabin darensa take gani, kuma kowacce ta yi shiru saboda ɗayar. Yaya na tsoron in ta matsa da maganar a ce ta tsufa ta gaji da miji shi yasa take gudun ɗakinsa, amarya kuma ashe ita ma tana gani, har ta taɓa girgiza shi tana kuka ta zata rai yayi halinsa, amma tana tsoron in ta faɗa a ce yarinya daga zuwa ta fara aibata miji, ko ma a ce ita ta yi masa wani abu tunda ana ta zancen dannau. Kowacce tana zaton a gidanta kaɗai yake yi.

Na roƙi Yaya ta kira ta, ta yi jim tace toh. A wajen wani suna suka keɓe, Yaya ta kunna mata saƙon, yarinyar nan tana ji sai hawaye tace "Yaya wallahi haka yake min, na rasa wa zan gaya wa." Daga ranar abin ya tashi daga ƙorafin mace ɗaya ya zama magana ta gida.

Saura gaya masa. Ba a yi masa taron dangi ba, kuma ba a fara da ƙarar ba domin an sha yi masa wannan yana ɗauka tsokana ce. Yaya ta bari ya ci abinci ya natsu ranar girkinta tace "Abban yara akwai abin da nake so ka ji, kar ka yi fushi, tsoro ne ya sa na ɗauka." Ta miƙa masa wayar. Tace da farko dariya ya fara, da aka zo shirun sai ya daina, ya mayar baya ya sake ji, yace wannan ni ne? Tace kai ne, kuma amarya ma a can gidan haka take gani. Yayi shiru can yace a nemo likitan.

Asibiti

Sashen kunne da hanci da maƙogwaro aka fara zuwa. Ga wanda ke nema, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da wannan sashen, a Kaduna ma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke duba har hanci da maƙogwaro. Ni na raka su, kuma na nace Yaya ta shiga ɗakin likita tare dashi domin in shi kaɗai ya shiga cewa zai yi lafiya lau ɗan munshari ne iyali suka dame ni.

Likitan yayi masa wasu tambayoyi takwas da aka tsara a Toronto ta ƙasar Kanada a 2008, ko'ina yanzu ana amfani da su, kuma kowa zai iya yi wa nasa a gida: yana munshari mai ƙarfi, yana yawan gajiya ko barci da rana, an taɓa ganin numfashinsa ya tsaya, yana da hawan jini, ma'aunin ƙibarsa in an haɗa nauyi da tsawo ya haura 35, shekarunsa sun haura 50, kaurin wuyansa ya wuce santimita 40, sannan namiji ne. Eh uku ko huɗu haɗari matsakaici ne, biyar zuwa sama babba. Alhaji bakwai ya samu, ma'aunin ƙibar ne kaɗai ya tsallake shi ma da ƙyar. A nan ne da likita ya tambaye shi "Alhaji ka taɓa yin barci a kan sitiyari?" ya sunkuyar da kai ya ba da labarin hanyar Zariya, Yaya ta dafe ƙirji tana salati.

An leƙa hanci da maƙogwaro, hancin a kumbure saboda ƙura da kuma maganin ɗigawar nan, belun kuwa da Hajiya ta ɗora wa laifi ba wani girman a zo a gani yayi ba, harshe ne babba da wuya mai kauri. Aka yi gwajin jini har da na halittar wuyan nan da ke kawo maƙoƙo, domin in aikinta yayi rauni tana sa ƙiba da kasala da munshari, nasa lafiya. Sai aka ce a yi gwajin barci, shi kuma ba ko'ina ake yi ba, nasa sai da aka je Abuja, kuma da kuɗi masu ɗan nauyi gaskiya. Na'ura ce ake ɗaura maka, bel a ƙirji, siririn tiyo a hanci, wani ɗan abu a yatsa mai auna oksijin, ka kwana da ita ta ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu na aƙalla daƙiƙa 10 a kowace awa. Ƙasa da 5 lafiya ne, 5 zuwa 15 mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, daga 30 zuwa sama mai tsanani. Nasa ya haura 30, wato a kowane minti biyu sai ya shaƙe aƙalla sau ɗaya, dare guda cur, shekara da shekaru.

Abin da aka ɗora shi a kai

Na farko a ranar aka raba shi da kayan kemis, sai dai diazepam ɗin a hankali aka janye bisa tsarin likita domin ba a yanke shi lokaci ɗaya in an saba, aka canza masa na hanci zuwa wanke hanci da ruwan gishiri da wani na fesawa da likita ya rubuta. Aka ce kar ya sake tuƙin doguwar hanya sai an shawo kan abin, babban ɗansa ya karɓi mukulli, wannan ya ƙona masa rai ba kaɗan ba amma ya haƙura.

Na biyu kwanciya. Ya daina rigingine ya koma gefe, kuma a nan Yaya ta samu hujjar da ta fi ta likita ƙarfi a wajensa, ta tuna masa ai kwanciya a ɓangaren dama sunna ce, tana nan a hadisin Barra'u ɗan Azib cikin Bukhari da Muslim, alwala sannan a kwanta a dama. Matsalar mai barci baya sanin ya juya, sai ta kai tsohuwar singileti wajen tela aka ɗinka aljihu a tsakiyar baya aka saka ƙwallon tanis, in ya mirgina rigingine ta tokare shi ya koma gefe. Tsohuwar dabara ce kuma tana aiki ga wanda nasa ya fi tashi a rigingine.

Na uku abinci da nauyi, kuma nan ne haɗin kan matan yayi rana domin da a ce gida ɗaya ake kiyayewa ɗayan ana narka masa tuwo ƙarfe goma da aikin banza aka yi. Suka yi shawara abinci mai nauyi ya koma rana a kai masa shago, dare kuma abu mara nauyi da wuri bayan magariba, lemon kwalba ya fita, sukarin shayi ya ragu, ya koma zuwa masallacin da ya fi nisa da ƙafa asuba da isha'i. Akwai wani dogon bincike da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka aka wallafa a 2000, ya nuna in nauyin mutum ya ragu da kashi 10 cikin ɗari yawan tsayawar numfashin kan ragu da kusan kashi 26, in kuma ya ƙaru da kashi 10 abin kan ƙaru da kusan kashi 32. Kin ga kenan motar nan da teɓar nan ba ƙaramar rawa suka taka ba.

Amma likita ya faɗa masa gaskiya, yace Alhaji naka ya wuce a ce ƙwallo da rage tuwo kaɗai, sai ka haɗa da inji. Injin sipap ake ce masa, wani likita ɗan Ostireliya mai suna Colin Sullivan ya fito dashi a birnin Sidni a 1981, ɗan ƙaramin akwati ne mai tiyo da abin rufe hanci, yana hura iskar ɗaki da ɗan ƙarfi ta riƙe maƙogwaro a buɗe kar ya manne. Ba oksijin bane kamar yadda mutane ke zata in sun gani su fara jajanta wa iyali, iska ce kawai. Akwai wasu hanyoyin, wani abu da likitan haƙori ke ƙerawa a saka a baki ya turo muƙamuƙin ƙasa gaba, ya fi dacewa da masu sauƙi ko matsakaici, akwai kuma tiyata ga wanda aka ga takamaiman abin da ya toshe, amma shi injin aka zaɓar masa.

Makonnin farko an sha fama. Yace shi ba zai kwana da takunkumi ba, yace iskar na shaƙe shi, cikin dare ya fizge ya jefar, hanci ya bushe, iska na zurarewa ta gefe tana hura masa ido. Aka canza masa abin hancin zuwa ƙarami, aka saita injin ya fara da iska kaɗan yana ƙarawa a hankali har barci ya ɗauke shi, na ce ya dinga sakawa da yamma yana jin rediyo ido biyu don jiki ya saba. Abin da ya sa ya miƙa wuya ba lallashinmu bane, ranar da ya fara kwana da shi sosai ne ya tashi asuba ba ciwon kai, bai tashi fitsari ba sai sau ɗaya, ya wuni a shago ido a buɗe har yaransa na tambaya ko lafiya. Yaya kuma tace daren farko kasa barci ta yi saboda shirun ɗakin, ta dinga kai hannu ƙirjinsa tana ji ko yana motsi.

Zuwa yanzu nauyinsa ya fara sauka, maɓallin wuya na rufuwa, jinin ya daidaita har likitansa na hawan jini ya rage masa magani, shi da kansa ya rage masa fa ba wai Alhaji ya yanke ba. Hajiya har yanzu tana kan bakanta cewa da an yanke belun da ba a kashe wannan kuɗin ba, ba mai musa mata. An kuma gano autan Yaya ɗan shekara 6 shi ma yana munshari baki buɗe yana juye-juye, na yara kuma yawanci tonsil ne, wato naman nan biyu na gefen maƙogwaro, da wani nama a bayan hanci ke girma, an kai shi an duba ana bibiya.

Inda ake fama har yanzu wuta ce da kuma gida biyu. Ƙa'idar da likitoci ke bi aƙalla awa 4 a dare, a kashi 70 cikin ɗari na darare, in an samu duk daren ya fi, kuma duk daren da aka ajiye injin ciwon dawowa yake yadda yake domin riƙe hanya yake ba warkarwa ba. Gidan Yaya akwai sola da inbata, in aka kashe abin ɗumama ruwan da ke jikin injin batir na kaiwa asuba. Gidan amarya babu, in aka ɗauke wuta ƙarfe ɗaya shikenan sai ƙwallon tanis, ga kuma ɗawainiyar ɗaukar jaka duk bayan kwana biyu, wani lokacin ya manta tiyo a can sai an tura yaro a adaidaita da daddare. Lokacin hunturu kuma matatar iskar na cika da ƙura da wuri sai an dinga dubawa ana canzawa, kuma ba a samunta a kowane kemis sai an yi oda. Yanzu dai an tsayar da magana za a saya wa gidan amarya ƙaramin batir mai caji da tiyo da abin hanci na biyu ya zama injin kaɗai ke yawo, likita kuma yace in nauyin ya ƙara sauka sosai za a sake gwajin barcin a ga ko za a rage ƙarfin iskar.